Itacen da Ya Zama Dutse, da Dalilin da Ya Sa Ba a Kowace Ƙasa Ake Samunsa Ba

A cikin abubuwan da ƙasa ke ɓoyewa, waɗanda zaizayar ruwa ko aikin haƙa ke tonowa lokaci zuwa lokaci, akwai wani irin dutse mai ɗauke da cikakkiyar siffar itace, da ɓawonsa da gurbin rassansa da zobban da ke tsakiyarsa, wani lokaci har da ramukan da ƙwari suka huda masa tun yana ɗanye, amma wanda ya ɗaga shi nauyin dutse zai ji, wanda ya sare shi bakin gatarinsa zai dakushe, wanda kuma ya cusa shi a murhu zai gaji da hura wuta bai ga hayaƙi ba. Wannan shi ne itacen da ya zama dutse, kuma yana cikin abubuwan da masana ke kira burbushin halittu, wato ragowar tsirrai da dabbobin da suka rayu a zamani mai nisa, suka mutu, ƙasa ta adana siffarsu a cikin duwatsu. Ya bambanta da mafi yawan burbushin tsirrai ta fuska guda mai muhimmanci, domin ganyen da ake samu a cikin dutse galibi tambarinsa kawai ya rage, a baje kuma a matse, alhali gungumen da ya zama dutse yakan riƙe kaurinsa da tsarin cikinsa, har a iya gane dangin bishiyar da ya fito daga jikinta bayan shekaru miliyan 200.

Mutane sun daɗe suna tambayar yadda hakan ke faruwa, kuma a al'ummomi da yawa amsar farko ita ce tsinuwa ko sihiri, wato a ce wani abu ya auku farat ɗaya ya daskarar da daji. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya tattauna batun a sashen ma'adinai na littafinsa Kitab al-Shifa, inda ya danganta rikiɗar tsirrai da dabbobi zuwa dutse da wani ƙarfi da ke tattare da wasu wurare masu duwatsu, ya nemi dalilin a cikin ɗabi'ar ƙasa kanta. A ƙasar Sin kuma malami Shen Kuo ya rubuta a wajajen 1088 cewa an ga wasu tsirrai masu kama da gora da suka zama dutse a wani yanki na arewa mai bushewa inda gora ba ta tsirowa, ya kuma fahimci cewa lallai yanayin wurin ya taɓa zama mai laima. Cikakken bayani bai samu ba sai a ƙarni na 19, lokacin da William Nicol na birnin Edinbara ya ƙware wajen yanka dutse ya goge shi har ya yi siririn da haske ke ratsawa, sannan Henry Witham ya wallafa a 1831 abin da aka gani a irin waɗannan yankakkun duwatsu ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, wato ƙwayoyin itace a jere, kowace da bangonta, ba wadda ta bar gurbinta.

Yadda rikiɗar ke faruwa

Kusan duk itacen da ya taɓa tsirowa a duniya bai zama dutse ba, kuma ba zai zama ba. Gawo ko marken da ya faɗi a wata gona a Roni ta Jihar Jigawa, idan ya tsira daga masu neman itacen girki da masu gawayi, ba zai tsira daga gara ba, abin da gara ta rage kuma funfuna da ƙananan ƙwayoyin halitta za su ƙarasa shi cikin 'yan damuna, domin mafi yawan masu ruɓar da itace iska suke buƙata, musamman sinadarin oksijin da ke cikinta, kuma a bisa ƙasa ba sa rasa ta. Saboda haka sharaɗin farko shi ne a binne itacen da sauri kuma da zurfi, a wurin da ruwa ya cika kowace kafa ya kori iska, abin da ke faruwa idan ambaliya ta kwaso gumagumai ta jibge su a gaɓar kogi ta rufe su da yashi da laka, ko kuma idan dutse mai aman wuta ya zubo toka ya lulluɓe daji a tsaye. Binnewa ita kaɗai ba ta wadatar ba, tun da tsirran da suka taru a fadama ƙasa ta danne su ba tare da ruwan ma'adinai ya ratsa su ba kwal suke zama, irin wanda aka gano a Udi kusa da Inugu a 1909.

Sharaɗi na biyu shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kasance yana ɗauke da silika a narke. Silika haɗin sinadarai biyu ce, silikon da oksijin, kuma ita ce asalin farin yashi da gilashi da farar ƙanƙarar da masana ke kira kwaz. A bisa al'ada ruwa ba ya narkar da ita da yawa, amma tokar aman wuta, wadda ainihinta ɓarɓashin gilashi ne, tana sakin silika cikin sauƙi, wanda shi ne dalilin da ya sa mafi yawan shahararrun dazuzzukan dutse na duniya suke da alaƙa da tsofaffin duwatsu masu aman wuta, ko da yake rugujewar duwatsu a yanayi mai zafi da laima ita ma takan wadata ruwa da silika sannu a hankali. Shi kuwa itace a shirye yake ya karɓi wannan ruwa, domin cikinsa tarin ƙananan bututu ne waɗanda bishiya ke jan ruwa da su daga saiwa zuwa ganye, kuma bayan mutuwarta bututun sukan zauna a buɗe. Bangon waɗannan bututu an gina shi da sinadarai biyu, selulos da lignin, kuma silikar da ke cikin ruwa tana manne musu kamar yadda baba ke kama zaren tufa a marina ba tare da ya sauya saƙar ba, sai dai ita silika ba ta tsayawa a rini, tana ci gaba da taruwa hawa bisa hawa har ta cika bututun baki ɗaya.

A nan ne masana ke rarrabe aiki iri biyu da ke tafiya tare. Na farko cikawa ne, inda ma'adini ke toshe guraben da ke cikin itacen alhali bangon ƙwayoyin yana nan, na biyu kuma musanya, inda bangon kansa ke ruɓewa a hankali, silika tana maye gurbin abin da ya tafi. Ingancin abin da za a samu a ƙarshe ya dogara ga tseren da ke tsakanin ruɓewa da taruwar silika. Idan ruɓewa ta yi gaba, itacen zai ɓaci kafin a kwafe shi, sai a sami dutse mai siffar gungume daga waje amma cikinsa dunƙule ne marar tsari, idan kuwa suka tafi kafaɗa da kafaɗa, za a sami dutsen da ya adana har ƙananan kafofin da ruwa ke bi daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Silikar da ta fara taruwa mai taushi ce, tana da ruwa a jikinta, ana kiranta ofal, kuma da tafiyar zamani da nauyin ƙasar da ke bisanta takan rasa ruwan ta koma kalsidoni, wato dangin dutsen aƙiƙ da ake sa wa zobe, daga ƙarshe ta zama kwaz.

Sau da yawa ana haɗa shekarun dutsen da tsawon lokacin da rikiɗar ta ɗauka, alhali abubuwa ne daban. Wasu masana a Japan sun jiƙa guntayen itace a ruwan zafin Tateyama mai yawan silika, kuma a rahoton da suka fitar a 2004 sun nuna cewa cikin shekaru 7 silika ta shiga jikin itacen sosai, wanda ke nuna cewa matakin farko yana iya yin sauri idan sharuɗɗa sun cika, alhali komawar ofal zuwa kwaz ce ke cin dogon zamani. Shekarun dutsen kuma ba daga jikinsa ake auna su ba, domin hanyar kabon da ake auna tsofaffin ƙasusuwa da gawayi da ita ba ta wuce kimanin shekaru 50,000, saboda haka ana duba shimfiɗar dutsen da aka same shi a ciki ne, musamman ƙananan ƙwayoyin zirkon da ke cikin toka, waɗanda yuraniyom ɗin cikinsu ke komawa dalma bisa ƙa'ida sananniya. Wannan magana tana da nauyi ga mai tsinta, domin gungumen da aka raba da shimfiɗarsa an raba shi ke nan da hujjar shekarunsa.

Launukan da ke jan hankalin masu saye ba na itacen ba ne, na baƙin sinadaran da suka shigo tare da silika ne. Tsatsar ƙarfe ce ke ba da ja da rawaya da ruwan ƙasa, manganis yana ba da baƙi da shunayya, ragowar kabon na itacen yana ba da baƙi, kuromiyom kuma yana ba da koren da ba kasafai ake samu ba, silika tsantsa kuwa fara ce ko ruwan toka. Akan sami itacen da farar ƙasa ko wani ma'adinin ƙarfe ya maye gurbinsa, akan kuma sami wanda ya tara yuraniyom, tun da ruɓaɓɓun tsirrai suna kama yuraniyom daga ruwa, abin da ya taimaka wajen taruwar ma'adinin a duwatsun yashi na Arlit a Jamhuriyar Nijar. Akwai kuma abin da ke ruɗar baƙi a wuraren da gumaguman suke kwance, wato ganinsu a yanke gunduwa-gunduwa, kowace da baki shafaffe, har mutum ya rantse da zarto aka yi aikin, alhali kwaz ne mai tauri marar lanƙwasa, wanda idan ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta motsa ko ta zaizaye yake karyewa a miƙe.

Duwatsun Kazaure sun girmi bishiya

Ba a kowace ƙasa ake samun itacen dutse ba, kuma Kazaure misali ce. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya iso Kazaure zai lura cewa ƙasar ta bambanta da shimfiɗaɗɗen rairayin da ya mamaye mafi yawan Jihar Jigawa, domin a nan tuddai ne masu duwatsu suke jere, suna bi ta Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Masana ilimin duwatsu suna lissafa waɗannan tuddai cikin tsohon harsashin ƙasar Nijeriya, kuma sun ba wani sashensu suna zirin shist na Kazaure. Shist dutse ne da asalinsa laka ce da zafi da matsi na cikin ƙasa suka gasa suka lanƙwasa har ya zama falle-falle, kuma tare da shi akwai kwazayit, wato yashin da ya gasu ya dunƙule, da duwatsu masu ɗauke da tama, da kuma garanit ɗin da ya kutso daga ƙasa yana narke ya sandare. Babban motsin ƙasar da ya yi wannan aiki ya auku ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, alhali dazuzzukan farko da aka sami burbushinsu, irin wanda aka gano a garin Cairo na Jihar New York a Amurka, ba su wuce shekaru miliyan 385 ba. Ma'ana, lokacin da duwatsun Kazaure suka ɗauki siffarsu babu bishiya ko ɗaya a doron ƙasa, kuma ko da akwai, zafin da ya gasa su ba zai bar mata alama ba.

Duk da haka a irin wannan ƙasa ne ido ya fi saurin yaudaruwa, domin gutsuren shist da ya sha rana da ruwa yana da zane-zane a miƙe, yana da launin ruwan ƙasa, yana kuma tsagewa a tsaye yadda faskararren itace ke yi. Bambancin yana bayyana idan aka juya shi aka dubi bakinsa. Shist yana nuna fallaye a jere, ɗaya bisa ɗaya, masu ƙyalƙyali idan rana ta haska su saboda ma'adinin maika da ke cikinsa, kuma wuƙa tana iya ɓanɓare shi, shi kuwa itacen dutse yana nuna zobba masu kewaya tsakiya guda, da siraran layuka da ke fita daga tsakiyar zuwa ɓawo, kuma da ƙaramin madubi mai ƙara girma sau 10 ana iya ganin bakunan bututunsa. Taurinsa ya kai 7 a ma'aunin Mohs, wanda ke jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 da daimon a ƙoli, saboda haka yana karce kwalba, wuƙa ba ta karce shi, kuma idan aka buga shi da ƙyastu yana ba da tartsatsi. Nauyinsa kuma ya ninka na ruwa fiye da sau biyu da rabi, wato ya ninka na busasshen katako sau uku zuwa biyar.

Da an nausa gabas wajen Ɓaɓura sai tsohon harsashin ya nutse ƙarƙashin yashi da yumɓun da masana ke kira shimfiɗar Chadi, wadda ta taru cikin 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan, iska kuma ta ƙara lulluɓe ta da rairayi. A ƙasa irin wannan abin da ya fi ruɗar mahaƙan rijiya da masu ɗibar ƙasar gini shi ne marmara, wadda ke dunƙulewa wani lokaci a kewayen saiwa ko ramin gara ta fito da siffar reshe mai rami a tsakiya, amma idan aka fasa ta tsatsa da yashi kawai za a gani, babu tsarin ƙwayoyin itace.

Gundumi, Illo da Tigidit

Wanda ke neman itacen dutse na gaskiya a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, yamma da arewa zai fuskanta, zuwa babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa ƙasar Sakkwato da Kabi da yammacin Nijar har ya shiga Mali. A gindin wannan kwari akwai shimfiɗun yashi da tsakuwa da yumɓu waɗanda manyan koguna suka kwantar a zamanin dabbobin dinoso, kuma a ɓangaren Nijeriya an sa musu sunayen wuraren da aka fi nazarinsu, wato shimfiɗar Gundumi, daga dajin nan da ke gabas da Sakkwato, da shimfiɗar Illo ta yammacin Jihar Kebbi. Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya shirya littafin Geology of Nigeria a 1976 kuma ya daɗe yana nazarin kwarin Sakkwato, yana cikin waɗanda suka bayyana burbushin itacen da ke cikin waɗannan shimfiɗu. A can gabas ma, duwatsun yashi na Bima a ƙasar Gombe suna ɗauke da irinsa.

Bishiyoyin ba kuka ba ne ko tsamiya ko ɗorawa, domin dangin tsirrai masu fure bai bazu a duniya ba tukuna. Yawancinsu dangin bishiyoyin nan ne marasa fure masu ɗaukar iri a cikin kwanso mai ɓawo-ɓawo, waɗanda 'yan'uwansu suka rage yau a Kudancin Amurka da Ostareliya da tsaunukan Afirka, kuma ana gane su ne da rashin manyan bututun da katakon bishiya mai fure ke da su. Bisa shimfiɗun nan kuma akwai wasu da suka biyo baya waɗanda teku ta kwantar, lokacin da wani reshenta ya ratso Sahara ya iso ƙasar Sakkwato, kuma daga cikinsu aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus nigeriensis don tunawa da Goronyo, haka kuma farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar wannan teku ce. Jerin shimfiɗun shi ne ke ba da labarin, daji da koguna a ƙasa, teku a bisa, kuma ba a karanta shi sai kowane abu yana gurbinsa.

Wurin da abin ya fi fitowa fili shi ne gaɓar Tigidit, doguwar katangar dutsen yashi da ta yi baka a kudu da Agadas, daga wajen Ingal ta bi ta Marandet. A nan babu ciyawar da za ta rufe ƙasa, iska kuma ta share yashi, saboda haka guntaye da gumaguman itacen dutse suna kwance a fili a yankin da makiyaya ke taruwa da dabbobinsu kowace shekara bayan damina don lasar gishiri. A cikin jar ƙasar wannan yanki ne tawagar Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta tono ƙasusuwan dinoso biyu, Afrovenator, wanda aka bayyana a 1994, da Jobaria tiguidensis, mai dogon wuya mai cin ganye, wanda aka bayyana a 1999. Da farko an ƙiyasta shekarun shimfiɗar a kan miliyan 135, amma wani nazari na 2009 ya mayar da ita baya zuwa wajen miliyan 165, kuma an iya yin wannan gyara ne saboda an san takamaiman inda kowane ƙashi ya fito. Gabas da nan, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, Philippe Taquet na Faransa ya tono Ouranosaurus nigeriensis, wanda ya bayyana a 1976, kuma ana iya ganin ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959.

Abin tarawa, abin sayarwa

Tun kafin a san asalinsa ɗan'adam yana amfani da itacen dutse, domin mutanen zamanin dutse a Sahara da Masar sun fasa shi sun yi makamai da kayan yanka, a Arizona ta Amurka kuma akwai wani gini mai ɗakuna 8 da mutanen asalin wurin suka yi da guntayensa kusan shekaru 900 da suka wuce. Sha'awar dangin wannan dutse ba baƙuwa ba ce a nan, tun da jan dutsen da fatake Hausawa suka riƙa kai wa Ilori daga yankin kogin Kwara na sama ana sarrafa shi zuwa duwatsun ado na lantana shi ma silika ne da tsatsar ƙarfe ta rina. A yau masu tarawa suna duba abubuwa kaɗan kafin su yi tayi, wato yawan launi da kaifinsa, da ko gungumen ya cika kewaye da ɓawonsa, da yadda tsarin ƙwayoyinsa ya fito, da girmansa. Ana yanka shi da zarto mai haƙoran daimon ana kwarara masa ruwa ko mai, a goge shi da garin gugewa daga mai kaushi zuwa mai laushi har ya yi sheƙi, sannan a yi da shi tebur ko kwano ko carbi ko abin ajiyewa a kanta. Madagaska da Indunusiya suna cikin manyan masu fitar da shi, kuma babbar kasuwar duwatsu da ke ci a birnin Tucson farkon kowace shekara tana cikin wuraren da ake hada-hadarsa. Mai son gwada gugewa a gida ya sani cewa ƙurar silika tana lalata huhu lalatar da ba ta warkewa, kuma Arewa ta riga ta ga abin da niƙa dutse a tsakar gida ke jawowa, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010.

Tarihin dajin dutse na Arizona, wanda shekarunsa suka haura miliyan 200, ya nuna inda kasuwa ke kaiwa idan babu linzami. A ƙarshen ƙarni na 19, bayan jirgin ƙasa ya isa yankin, an riƙa lodin gumagumai ana fita da su, ana fasa wasu da nakiya don neman ƙyalƙyalan kwaz da ke cikinsu, har aka kafa injin da aka yi niyyar niƙa su da shi a yi garin gugewa. Majalisar yankin ta kai kuka a 1895, Shugaba Theodore Roosevelt ya ayyana wurin a matsayin abin kiyayewa a 1906, ya kuma zama gandun ƙasa a 1962. Har yau masu ziyara suna sace guntaye, kuma da yawa daga cikinsu sukan mayar ta gidan waya tare da wasiƙar nadama, wasu suna cewa tun da suka ɗauki dutsen masifa ba ta bar su ba. Abin lura shi ne ma'aikatan gandun ba sa mayar da waɗannan guntaye cikin dajin, suna tara su ne a tsibi guda a gefe, domin ba wanda ya san inda kowane ya fito, kuma ajiye shi a wurin da ba nasa ba zai ɓata lissafin mai bincike. Dokar Amurka ba ta hana tarawa baki ɗaya ba, ta dai iyakance ta, inda a wasu filayen gwamnati aka yarda mutum ya ɗibi kimanin kilo 11 a rana, kada ya wuce kimanin kilo 113 a shekara, kuma don amfanin kansa kawai.

Wasu ƙasashe sun gane cewa dajin da aka bari a inda yake ya fi wanda aka sayar kawo kuɗi. Girka ta kafa gidan tarihi a ƙauyen Sigri na tsibirin Lesbos a 1994 don dajin dutsenta mai kimanin shekaru miliyan 20, Masar ta killace nata da ke gefen Alƙahira a 1989, Namibiya kuma tun 1950 ta kiyaye gumaguman da ke kusa da Khorixas. A wannan yanki namu abin da ya fi yawa shi ne fita ba tare da rubutu ba, kuma Nijar ta ɗanɗani zafin haka lokacin da wani dutse mai kusan kilo 25 da ya faɗo daga duniyar Mars, wanda aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamban 2023, ya bayyana a gidan gwanjon Sotheby's na New York a Yulin 2025 aka sayar da shi fiye da dala miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, gidan gwanjon kuma ya ce an bi ƙa'ida. Itacen dutse bai kai wannan daraja a kasuwa ba ko kusa, kuma a nan haɗarin yake, domin abin da ba shi da tsada shi ake kwashewa buhu-buhu ba wanda ya ɗaga kai. A Nijeriya tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun danƙa mallakar ma'adinan ƙasa ga Gwamnatin Tarayya, saboda haka haƙar duwatsu don ciniki tana buƙatar lasisi.

Ɗalibi a Kazaure ko malamin makaranta a Gwiwa da ke son fara tara duwatsu ba ya buƙatar jiran itacen dutse, domin shist da kwazayit da garanit da tama da ke bayan gari sun isa cika akwati, kuma sun girmi kowane gungume na Arizona da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Idan kuwa tafiya ta kai mutum ƙasar Sakkwato ko Kabi ko Agadas ya ci karo da abin da ya cika alamomin da aka bayyana, ya fara ɗaukar hotonsa a inda yake kwance tare da wani abu mai nuna girma, ya rubuta sunan ƙauye da ranar da irin ƙasar da ke kewaye, ya adana lambobin wurin da wayarsa ke nunawa, sannan ya sanar da sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ɗakunan binciken Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya da ke Kaduna. Yankan da masani ke buƙata don gane irin bishiyar bai wuce girman ɗan yatsa ba, saboda haka sauran gungumen a bar shi a inda aka same shi.